Aikin matuƙan jiragen sama: awoyin tuƙi, layin daɗewa da kwantiragi, daga Air Afrique zuwa yau

Babu jirgin fasinja da ke sauka a Filinge. Duk mutumin Kurfai da ke da tafiyar sama, maniyyaci ne ko ɗan kasuwa ko ɗalibi, sai ya bi hanyar Bankuku da Baleyara ya yi kimanin kilomita 180 kafin ya kai filin jirgin Diori Hamani na Yamai. A can ne wani lokaci ake ce masa an ɗage tashi zuwa gobe saboda “awoyin ma'aikatan jirgi sun cika”, alhali ga jirgin nan a tsaye lafiyarsa lau. Wannan amsa tana da doka a bayanta. Tana cikin abubuwa huɗu da matuƙan jirage suka daɗe suna jayayya da kamfanoni a kansu: jadawalin aiki, layin daɗewa, kwantiragi, da manufofin da shugabannin kamfani ke ɗora musu.

Awoyin aiki da hutu

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, ta wajabta wa kowace ƙasa ta ƙayyade awoyin da matuƙi zai iya yi. A Nijar, hukumar ANAC ce ke sa ido a kan kamfanonin da ke da rajista a ƙasar, amma jirgin da ya zo daga waje dokar ƙasarsa yake bi. Dokar Tarayyar Turai ita ce ƙasashe da yawa ke kwaikwaya. Ta ce kada matuƙi ya wuce awa 100 a sama cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara guda. Mai albashin ofis da ke yin awa 40 a mako zai ga kamar wannan hutu ne. Sai dai awar tuƙi tana fara ƙirguwa ne daga lokacin da jirgi ya motsa zuwa lokacin da ya tsaya cak. Duba takardun yanayi, lissafin mai, zagaya jirgi, jiran fasinja da zaman filin jirgi duk ba sa ciki. Su ana lissafa su a matsayin awoyin aiki, kuma iyakarsu awa 60 ce cikin kwana 7, awa 190 cikin kwana 28.

A yini guda, mafi tsawon aikin da aka yarda wa matuƙa biyu shi ne awa 13, idan da safe suka fara. Idan aikin ya ratsa tsakiyar dare sai ya sauko zuwa awa 11, domin daga ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba jikin ɗan Adam ya fi neman barci, ko da ya yi barcin rana. Kowace sauka da ta ƙaru bayan ta biyu tana rage rabin awa. Kafin a sake fita kuma, dole a huta aƙalla awa 12 a gida, ko awa 10 idan a wani gari aka kwana. Kwamandan jirgi yana da damar ƙara har awa 2 idan wani abin da ba a zata ba ya taso, kuma nan ne ake yawan samun saɓani. Doka ta ce shawararsa ce shi kaɗai. Matuƙa kuwa suna kukan cewa wasu kamfanoni na tsara jadawali dab da iyaka, yadda kusan kullum sai an nemi wannan ƙarin, kuma wanda ya ƙi sai a kira shi ofis ya yi bayani.

A Amurka an tsaurara dokar ne bayan jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da garin Buffalo ranar 12 ga Fabrairu 2009, mutum 50 suka rasu. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan yadda kwamandan ya sarrafa jirgin, amma sun gano cewa mataimakiyarsa ta kwana ne tana tafiya daga wancan gefen ƙasar domin ta iso wurin aiki. Daga 2013 aka ce sai mai awa 1,500 zai zauna ko da kujerar mataimaki, in ban da ƴan rangwame ga tsoffin sojoji da masu wasu digirori, daga Janairun 2014 kuma hutun awa 10 ya zama tilas. A Afirka ma an gani: a Agustan 2022 wani jirgin Ethiopian Airlines daga Khartum ya wuce Addis Ababa bai fara sauka ba, rahotanni suka ce barci ne ya kwashe matuƙan biyu. Jirgin ya juyo ya sauka lafiya, aka dakatar da su.

Nijar da kanta ta taɓa shiga lissafin jadawalin kamfanonin duniya. Da aka rufe sararin samaniyar ƙasar ranar 6 ga Agusta 2023, a lokacin da na Libiya da na Sudan ma ba sa biyuwa, jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka yi zagaye. Tafiyar da ta ƙaru da awa ɗaya ko biyu ta isa ta sa a nemi matuƙi na uku, ko a tsaya shan mai a hanya, ko a sake tsarin wata baki ɗaya. An buɗe sararin ranar 4 ga Satumba, amma daga baya a watan aka hana jiragen Faransa ratsawa.

Layin daɗewa

Wanda ya san tashar mota ya san layi: motar da ta riga shiga ita ke lodi, sandika kuma ke riƙe da takardar. Layin matuƙa ya yi kama da haka, da bambanci ɗaya. A tasha layi yana zagayowa, na ƙarshe yau gobe shi ne na farko. A kamfanin jirgi lambar da aka ba mutum ranar da aka ɗauke shi ita zai riƙe har ritaya, ba ya matsawa gaba sai wani na sama da shi ya tafi ko an ɗauki sababbi a ƙasansa.

Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka da Kanada, inda ƙungiyar ALPA, wadda aka kafa a 1931, ta dasa shi cikin yarjejeniyoyinta. Kowane wata kamfani yana fitar da tafiye-tafiyen da za a yi, kowane matuƙi ya shigar da abin da yake so a kwamfuta, sai a raba daga lamba ta ɗaya zuwa ƙasa. Na sama ya zaɓi ranakun hutunsa, garin da zai zauna, irin jirgin da zai tuƙa, da lokacin hutun shekara. Na ƙasa ya samu abin da ya rage: tashin asuba, ranar Sallah ko Kirsimeti a otel, ko zaman jiran ko-ta-kwana da waya a hannu. Komawa kujerar hagu, wato zama kwamanda mai igiya huɗu a kafaɗa, shi ma da lamba ake yi, muddin mutum ya ci jarrabawa. In aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa ake farawa.

Hujjar masu kare tsarin tana da ƙarfi. Aikin matuƙi mai kyau ba ya nuna kansa, domin jirgin da ya tashi ya sauka lafiya duk iri ɗaya ne a idon ofis. In aka bar wa shugabanni su zaɓi wanda za a ƙara wa girma, mai yiwuwa su fifita wanda bai taɓa ƙin tashi ba, bai taɓa rubuta matsalar inji a littafi ba, bai taɓa neman ƙarin mai ba. Layi yana kare mai cewa a'a. A ƙasashen da ƙabila da sanayya ke shiga ɗaukar aiki, wannan kariya ta fi daraja ma.

Illarsa ita ce lambar ba ta bin mutum. Kwamandan da ya shekara 25 a kamfani, in kamfanin ya rushe ya koma wani mai irin wannan tsari, daga ƙasan layi zai fara, mataimaki, da albashin sabon shiga. Haka ta faru da matuƙan Pan Am da yawa a 1991. In kamfanoni biyu suka haɗe kuwa, haɗa layukan biyu kan zama yaƙi: bayan haɗewar US Airways da America West a 2005, matuƙan ɓangarorin biyu sun shafe shekaru a kotu suna tuƙi a rabe ƙarƙashin suna ɗaya. A Turai ana amfani da daɗewa wajen ƙarin girma da zaɓen jirgi, amma rabon jadawalin wata ya fi sassauci. Kamfanonin yankin Gulf da wasu na Afirka sukan ɗauki kwamanda kai tsaye daga waje, abin da ke buɗe ƙofa ga wanda kamfaninsa ya mutu, yake kuma tsawaita jiran mataimakan cikin gida.

Abin da ya faru a Air Afrique

Nijar tana cikin ƙasashe 11 da suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde ranar 28 ga Maris 1961 suka kafa Air Afrique, tare da Senegal, Kodibuwa, Dahome, Haute-Volta, Moritaniya, Chadi, Kamaru, Gabon, Kongo da Afirka ta Tsakiya. Kowace ƙasa ta riƙe kashi 6 cikin ɗari, sauran kusan kashi ɗaya cikin uku yana hannun abokan hulɗa na Faransa. Hedikwata tana Abijan. A shekarun farko galibin matuƙan Faransawa ne, kuma albashinsu da sharuɗɗan aikinsu sun bi sawun na kamfanonin Faransa. Sannu a hankali aka horar da ƴan Afirka suka shiga layi. Kamfanin kuwa yana da nasa ciwon: kowace ƙasa tana son kasonta na muƙamai, kowace tana son babban jirgi ya sauka a babban birninta, gwamnatoci kuma suna karɓar tikiti bashi ba sa biya a kan lokaci.

A 1984, zamanin da Seyni Kountché, ɗan Fandu a yankin Filinge, ke mulkin Nijar, shugabannin kamfanin ƙarƙashin Aoussou Koffi suka nemi rage kuɗin da ake kashewa a kan matuƙa. Matuƙan da injiniyoyin cikin jirgi suka shiga yajin aiki a watan Satumba. Kamfanin ya ɗauki matakin da ba a saba gani ba: ya sallami masu yajin, Faransawa da ƴan Afirka, ya ɗauko ma'aikatan kamfanin JAT na Yugoslabiya suka ci gaba da tuƙi. Shari'o'in suka ɗauki shekaru tsakanin kotunan Abijan da na Paris, kuma babbar tambayar ita ce dokar wace ƙasa ke hawa kan matuƙin da ya sa hannu a Abijan, gidansa yana Faransa, aikinsa yana sama tsakanin ƙasashe goma. Tambayar nan har yau ba ta tsufa ba.

Korar ba ta warkar da kamfanin ba. A 1989 aka miƙa shi ga Bafaranshe Yves Roland-Billecart, ya rage ma'aikata da yawa, ya kuma sayi sababbin jiragen Airbus bashi. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, bashin da ke cikin kuɗin waje ya ninka a dare ɗaya. A 1998 masu bin bashi suka karɓe jirage huɗu ƙirar A310. Jiragen suka daina tashi a Janairun 2002, kotun Abijan kuma ta rushe kamfanin ranar 25 ga Afrilu 2002, da ma'aikata sama da 4,000 da ƴan jiragen da ba su kai goma ba. Tsoffin ma'aikatan a ƙasashe daban-daban sun shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. Matuƙan suka watsu, kowa ya nemi inda zai fara sabon layi. Maƙwabta ma ba su tsira ba: an rushe Nigeria Airways a 2003, kuma sai a 2018 aka fara biyan wani babban kaso na haƙƙin tsoffin ma'aikatanta, bayan da yawa sun rasu.

A yau babu kamfani ɗaya da ya gaji wannan wuri. ASKY da ke Lome ta fara tashi a 2010 da tallafin Ethiopian Airlines, Air Côte d'Ivoire ta biyo a 2012, Niger Airlines kuma ta fara zirga-zirgar cikin gida a 2014 tsakanin Yamai da garuruwa irin su Damagaram da Agadas. Ƙananan kamfanoni ne, layukansu gajeru, kuma matuƙi ba ya iya tabbatar da cewa kamfanin da ya shiga zai kai shi ritaya.

Jiragen haya da aikin Hajji

Jigilar alhazai aiki ne na ƴan makonni da ke buƙatar manyan jirage, don haka yawanci hayar jirgi ake yi tare da matuƙansa da makanikansa da inshorarsa. Sunan da ke kan tikiti daban, mai jirgin daban, ma'aikatan kuma sau da yawa an ɗauke su ne na kakar kawai. A Nijar hukumar COHO ce ke tsara tafiyar. Matsin lokaci a irin wannan aiki yana da yawa, domin jinkirin jirgi ɗaya yana tura duk na bayansa, ga kuma tarar da ke cikin kwantiragi.

Abin da matsin nan kan iya jawowa ya bayyana ranar 11 ga Yuli 1991. Wani jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, da ke aiki da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Tun kafin ranar an san iskar wasu tayoyinsa ta yi ƙasa. Da safen makanike ya nemi a ƙara, ba a samu iskar da ake amfani da ita nan take ba, jami'in da ke kula da aikin kuma bai yarda a jinkirta ba. Binciken bai samu shaidar cewa an sanar da matuƙan ba. Tayoyi biyu suka fashe wajen tashi, aka naɗe su cikin jirgi suna ci da wuta, jirgin ya faɗi yana ƙoƙarin komowa fili. Duk mutum 261 da ke ciki suka rasu. Shi ya sa ƙungiyoyin matuƙa ke dagewa kan abu biyu a kowace tattaunawa: kalmar ƙarshe ta tashi ko fasa tashi ta kwamanda ce, kuma wanda ya kai rahoton matsala ko ya ce ya gaji kada a hukunta shi.

Kwantiragi da yajin aiki

Kwantiragin matuƙi iri-iri ne. Akwai na dindindin, mai fansho da inshorar rasa lasisi. Wannan inshora tana da muhimmanci, domin likita na duba matuƙi kowace shekara, bayan shekara 60 kuma kowane wata shida, kuma hawan jini ko ciwon suga ko raunin ido na iya raba shi da aikin a rana ɗaya. Akwai na ƙayyadadden lokaci ta hannun ƴan tsakiya. Akwai kuma wanda ake mayar da matuƙi tamkar ɗan kasuwa mai zaman kansa, a biya shi gwargwadon awar da ya tashi. Na ƙarshen ne ƙungiyoyi suka fi suka, tunda wanda in bai tashi ba ba shi da kuɗi zai yi wuya ya ce yau ba shi da lafiya. A wannan yanki akwai ƙarin ƙorafi biyu: bambancin albashi tsakanin baƙo da ɗan ƙasa a kujera ɗaya, da kuɗin da ake biya. Wanda ake biya da sefa yana da ɗan kwanciyar hankali saboda an ɗaure ta da yuro a kan 655.957, wanda ake biya da naira kuwa albashinsa yana narkewa duk lokacin da ta faɗi.

Annobar korona ta nuna wanne kwantiragi ne ke riƙe mutum. A Agustan 2020 Air Peace ta Najeriya ta sallami matuƙa kusan 70 bayan taƙaddama kan rage albashi, South African Airways kuma ta rufe wa matuƙanta ƙofa a Disambar wannan shekarar. A Nuwamba 2022 matuƙan Kenya Airways suka yi yajin kwana huɗu kan asusun fanshonsu da aka daina zuba wa kuɗi, har kotu ta umarce su su koma. A Turai, matuƙan Air France sun yi yajin mako biyu a Satumbar 2014 don kada a mayar da aikinsu ga reshen Transavia mai araha. Ryanair kuwa ta soke dubban tafiye-tafiye a 2017 saboda ta rikita jadawalin hutun matuƙanta, ƙarshen shekarar ta amince da ƙungiyoyinsu bayan ta daɗe tana ƙi. Ba matuƙa kaɗai ke iya tsayar da jirage ba: masu kula da zirga-zirgar sama na ASECNA, waɗanda akasarinsu a makarantar EAMAC ta Yamai aka horar, sun yi yaji ranar 23 ga Satumba 2022, filayen jirage da dama daga Dakar zuwa Duwala suka tsaya.

Hanyar shiga aikin

EAMAC, da aka buɗe a 1963, tana horar da masu kula da zirga-zirga da masana yanayi da injiniyoyin na'urori, ba matuƙan jiragen fasinja ba. Matashin Filinge ko Abala da ke son tuƙi, in ba ta hanyar sojan sama ya bi ba, sai ya fita waje. Mafi kusa da ƙasar Hausa ita ce kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, sai makarantar Ethiopian Airlines a Addis Ababa, da na Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Turanci wajibi ne ko ga wanda ya yi karatunsa da Faransanci, domin OACI tana buƙatar a ci jarrabawarsa har mataki na 4 kafin a yi tafiyar ƙasa da ƙasa.

Lasisin tuƙin kasuwanci yana buƙatar awa 200, ko ƙasa da haka kaɗan a makarantar da aka amince da tsarinta, na kwamanda kuma awa 1,500. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne matasa da yawa ke maƙalewa, da lasisi a hannu babu mai ɗauka. Kowane irin jirgi kuma yana da nasa horon. Na Boeing 737 ko Airbus A320 yakan ci yuro dubu 20 zuwa 30, wato sefa miliyan 13 zuwa kusan 20. In kamfani ya biya, yakan ɗaure matuƙin da sharaɗin zama na wasu shekaru, in ya tafi kafin lokaci ya biya ragowar. Wasu kamfanonin ma suna sayar wa sabon matuƙi awoyin zama a kujerar dama, shi ke biya yana ɗauke da fasinja, al'adar da ƙungiyar matuƙa ta duniya IFALPA ke adawa da ita. Tun Nuwamba 2006 iyakar shekarun tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe 65 ce, don haka wanda bai samu lambarsa ba sai yana da shekara 35, shekara 30 ke gare shi ya hau layin.